Labo da Kukan Noti

Kwanan baya ina zaune a bakin tashar Konni, wani saurayi ya ɗauko injin nan nasu na iska, ya ɗora kan notin taya, ya ji trrr, ya cire, ɗayan hannun kuwa yana riƙe da waya a kunne. Da ya gama ya waiwayo ya ce mini, "Baba, aikin ga ai ba shi da wuya. Mi kunka yi ta wahala da shi a da?" Dariya kawai na yi, don in na ce zan ba shi amsa a tsaye ƙafafuna ba za su ɗauka ba. To ku matso ku zauna, ku da kuke ganin ɗaure taya murɗawa ce kawai.

Sunana Isufu, mutumin Tajaye ne ni. Ban shigo sana'ar faci da ƙuruciya ba, sai da gemu ya fito mini. Cin rani ya kawo ni Konni, na raɓu da rumfar wani dattijo mai suna Arzika a ƙofar tasha, ina ɗaga masa tayoyi, har aikin ya shiga raina na ƙi komawa gida. Kayan aikinmu duka ba su cika buhu ba in ka cire jak da famfo. Akwai sifanar wili, da guduma, da cizal, da ƙarafan ɓamɓare taya, da rabin duro na ruwa da muke tsoma tub mu ga inda yake kumfa. Sai kuma bututun ƙarfe da ake zura wa sifana don a ƙara mata tsawo. Maigida Arzika ya daɗe bai bar ni na ɗaure noti ba, kwancewa kawai yake sa ni. Duk motar da ta shigo da notin da ya kafe, ni ne a ƙarƙashinta ina gumi, shi yana cin goro yana kallona. Da baya na gane abin da yake nufi, so yake in sha wuyar ɗaurin wani kafin in ɗaure wa wani.

Ɗauri kuwa ba ƙarfi ba ne. Ka goge bakin wili da mazauninsa, kada ka bar ƙasa a tsakani. Ka sa kowane noti da yatsu tukuna, ya shiga zarensa lafiya lau, don in ka fara da sifana kana iya cinye zaren ba ka sani ba. Kada ka bi su a jere. Ka ɗaure wannan, ka tsallaka zuwa wanda ke fuskantarsa, ka dawo gefe, a hankali a hankali, har wilin ya zauna daidai. Sannan ka sauke mota ƙasa ka ƙarasa. Ƙaramar mota ƙarfin hannu ya ishe ta. Babbar mota tana son nauyin mutum a kan bututu, amma mutum irina da kai, wanda zai tsaya cik, ba mai tsalle ba. Bayan motar ta yi 'yar tafiya a sake bi a taɓa su. Shi ke nan karatun, kuma ba direban da ya yarda da shi a tashar Konni a wancan lokaci.

Su a wurinsu sai noti ya yi kuka. In ba su ji ya yi ƙiii ba, to ba a ɗaure ba. Ban ga laifinsu duka ba, don hanyoyin ƙauye na lokacin gargada ce zalla, ta girgiza mota har haƙoran mutum su yi zafi, kuma kowane direba yana da labarin wani da tayarsa ta fice ta wuce shi da gudu yana kallo. Tsoro ne ya haifi al'adar, al'adar kuma ta haifar wa Labo sana'a.

Labo tsohon ɗan kokawa ne daga wajen Malbaza. Gwiwarsa ta lalace a fage, ba ya iya dako, ba ya iya daɗewa a duƙe a gona, amma jikin yana nan yadda Allah ya yi shi. In ya zauna a gefen bencinmu, wanda ke ɗaya gefen sai ya riƙe ginshiƙin rumfa. Kullum yana gindin bishiyar dogon yaron da ke kusa da mu. Da na gama sa taya sai direba ya ɗaga murya, "A kira Labo shi ruhe!" Labo ya taso yana ɗingishi, ya tuɓe takalmi, ya yi bisimilla, ya dafa jikin mota, ya ɗora ƙafa ɗaya kan bututu, ya ɗora ta biyu, ya ɗan yi lilo. Noti ya yi ƙiii, direba ya ce madalla. A ba shi na goro, ko a saya masa tuwo, ko a ɗebar masa daga abin da aka ɗauko, albasa ce ko gero. Da wannan yake riƙe da matarsa da yaransa a wani ɗan gida bayan kasuwar dabbobi.

Bari in gaya muku abin da takun Labo ke yi wa ƙarfe. Akwai wani direba Nomau, babba a cikin direbobin tasha, mai babbar mota bodin katako. Wata rana da bazara ya ɗauko kwandunan tumatir na masu lambun Badagishiri, tayar gaba ta fashe masa kafin Tsarnawa. Ya aiko da saƙo ta wata mota, na ari babur na ɗaure kayana a baya na tafi. Na iske shi da yaron motarsa sun yi sharkaf da gumi, sifanarsu ta lanƙwashe, noti ɗaya kuma sun cinye masa kusurwoyi ya koma kamar ƙwallon goriba. Mai tumatir na bisa kaya yana ta jan tabarma yana rufe kwanduna, ruwan tumatir ya fara ɗiga ta tsakanin katako.

Nomau ya ce, "Mai faci, notin ga aljani na cikinai."

Na ce, "Ba aljani ba na, Labo na."

Abu na farko, na sa suka sauke motar daga jak. Sun ɗaga ta tun kafin su sassauta noti, ga su suna tsalle a kan sifana mota na rawa, saura kaɗan ta faɗo wa wani a ƙafa. Muka sa duwatsu gaba da bayan sauran tayoyin. Na duba kan bol ɗin da kyau, don wasu manyan motocin na da, notin gefen hagu a juye yake, kana ganin kwancewa kake ashe ƙara ɗaurewa kake. Nasa ba irin su ba ne. Na goge tsatsa, na ɗiga man birki a bakin zaren kowane noti, na koma inuwar motar na zauna.

Nomau ya ce, "Zama kaz zo yi?"

Na ce, "Man na ka aiki, bari shi gama nashi."

Da ya ɗan tsuma na tashi na bi kowane noti da guduma, ba duka ba, ƙwanƙwasa kawai a gefe da gefe don tsatsar ciki ta saki. Na sa sifanata, na tabbata ta haɗiye notin duka. Na tokare wuyanta da jak daga ƙasa don kada ta karkace ta suɓuce, nan ne yawancin mutane ke cinye kusurwa. Na zura bututu, na ɗan matsa ta wajen ɗauri kaɗan, sannan na juyo na ɗora nauyina a hankali, ba girgiza ba tsalle. Ka ji tas, kamar an karya kara. Haka suka yi ta saki ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya kuwa da na taɓa shi sai ya zo mini hannu da rabin bol ɗin a cikinsa, ƙarfen ya daɗe da miƙewa, jira kawai yake. Wanda suka cinye wa kusurwa ba sifanar da za ta kama shi, sai na sa cizal na tsaga shi daga gefe, a hankali don kada in taɓa zaren bol. Wasu wuta suke sa wa irin wannan. Ni wuta ce ƙarshen dabarata, kuma ba na kusantar da ita ga tayar da ke da iska a ciki, na taɓa ganin abin da ya biyo baya, ba na son sake gani.

Na sa safaya, na ɗaure yadda aka koya mini, na ce ya tafi sannu tunda bol ɗaya da noti ɗaya babu. Nomau ya duƙa ya kalli tayar ya kalle ni.

Ya ce, "Ba su yi kuka ba."

Na ce, "In kuka kaka so, ga mai tumatir can bisa."

Ya iso Konni lafiya, taya ba ta ko motsa ba, sai dai kwandunan ƙasa duk sun zama miya. Washegari na canja masa bol ɗin da ya karye da notin da na tsaga. Ina miƙewa ina share hannu sai na ji muryarsa, "A kira Labo shi ruhe!" Wallahi ranar haushi ya kusa kashe ni. Na je gindin dogon yaro na zazzage wa Labo duk abin da ke cikina, na ce shi ke karya wa mutane mota, shi ke sa ni yawon daji da tsakar rana. Ya bar ni na gama, ya miƙo mini ɓarin goro.

Ya ce, "Isuhu, ni ban kira kowa ba, su ka kirana. In kana da wani aikin da mai ƙahwa guda ka yi, nuna min."

Na karɓi goron. Haka muka ci gaba, shi yana ɗaurewa ni ina kwancewa, da rana mu ci kwano ɗaya. A tsakanin nan ne maigida Arzika ya gaji ya koma garinsu, ya bar mini rumfa da kayan aiki.

Sai ga muguwar shekara. Damina ta ƙi, Najeriya kuma ta rufe iyaka. Konni da iyaka take numfashi, sai gari ya yi tsit. Manyan motoci suka jeru a tasha an ɗora su kan duwatsu, tayoyinsu na tsagewa a rana. Mutanen ƙauye suka cika gari da ƙulle-ƙullensu. Wanda ya kawo mini tub sai in iske faci ne kan faci, ba inda zan manna sabo. Da yanka tsofaffin tayoyi ina yin takalma, da ɗinka guga da tsohon tub, na fitar da iyalina daga shekarar. Motocin da suka rage a hanya 'yan kaɗan ne, yawancinsu masu kai hatsin taimako ƙauyuka.

Labo ya fara zubewa. Da farko wuyan ne ya ragu, sai kafaɗu, sai na ga mazagin wandonsa ya zagaye shi ya yi saura. In direba ya saya masa tuwo ba ya ci, sai ya juye a kwanonsa ya rufe da hula ya ɗingisa zuwa gida. In na ce ya sa hannu a nawa ya ce ya ƙoshi. Mutumin da benci ke ɗagawa in ya zauna, ya koma in ya tashi ba ka ma sani ba.

Noti kuwa ya daina kuka. Labo ya hau bututu, ya yi lilo, ya sake, shiru. Ni kuma na lura da wani abu. Tun da ya rame ba a sake aiko mini daga daji ba, ban sake canja bol ɗin da ya tsinke ba, kuma duk tayar da ya taka in ta dawo sifana kawai nake sawa ta kwance. Yunwa ta mayar da shi daidai nauyin da babbar mota ke so. Na gaya wa Nomau haka, ya ce ai don motoci ba su yawo ne. Direbobi suka fara gunaguni, wai takun Labo ya mutu, gara a riƙa sa yaran mota biyu su hau tare, su ba sai an ba su komai ba.

Wata rana da la'asar Nomau ya zo rumfata, ya samu lodin hatsin taimako zuwa Tajaye, garinmu, hanyar da ko jaki ke tafiya da hankali. Ya ce da safe zan juya masa tayoyin baya. Ya faɗi sauran maganar da ƙarfi yadda za a ji ta a gindin dogon yaro.

Ya ce, "Gobe in Labo bai sa su kuka ba, mun rabu. Ba ƙiyayya ba ta, rayukan mutane na bisa motag ga."

Kowa ya san in Nomau ya sake shi, sauran ma sun sake shi. Labo ya ji, bai ɗago kai ba, yana ta murza hularsa a hannu. Shekaru ina roƙon Allah ya kawo ranar da za a daina wannan hauka a tashar nan, ga ranar ta zo, ni kuma tausayi ya hana ni jin daɗinta. Na san yaran da ke jiran kwanon nan da ake rufewa da hula. Kuma in an kore shi ba a daina haukar ba, yara biyu masu tsalle sun fi Labo ɓarna.

Na tafi bayan garejin masu walda inda ake zubar da tsofaffin ƙarafa, na yi ta tono har na samu wani tsohon bututun ruwa, tsawonsa daidai da nawa, amma bakinsa ya ɗan fi faɗi, cikinsa kuma tsatsa ta ci shi ya yi kaushi. Na kawo bayan rumfa, na barbaɗa masa 'yar rairayi a ciki, na zura wa sifana na hau. Da ƙarfe ya goga ƙarfe sai ya saki wata ƙara da ta sa akuyar maƙwabta ta tsinke igiya. Na ɗauke tsohon bututuna na tura ƙarƙashin tarin tayoyi.

Da safe direbobin da ba su da aikin yi duk suka taru kallo. Na juya tayoyin, na sa noti da yatsu, na bi su tsallake-tsallake, muka sauke mota. Nomau bai ma kira ba, Labo ya taso da kansa. Ya tuɓe takalmi, ya dafa katakon motar. Ya yi bisimilla ya hau. Ƙiiii! Har masu shayi suka waiwayo. Ya tsaya a kan bututun ya ɗan dube shi, ya dube ni, ni kuwa na duƙa ina neman wani abu a cikin duron ruwa. Na matsar da sifana noti na gaba, ya sake hawa, ya sake yin kuka, har muka zagaye motar.

Nomau ya ce, "Allahu akbar! Ashe ƙarhin na nan, ɓoyo shi kai!"

Ya kwance guzurinsa ya raba biyu ya ba Labo rabi. Ni kuma na ga dama ta samu, na ce wa Nomau tunda hanyar Tajaye ce, in ya dawo ya kawo motar, Labo ya sake taka notin, kada gargada ta sassauta su. Maganar da na yi shekaru ina faɗa ba wanda ya saurara, da na sa sunan Labo a ciki sai ta shiga. Nomau ya kai hatsi ya dawo lafiya, ya kawo motar aka sake bin notin. Sauran direbobi suka ɗauka, ya zama kowace mota Labo na taka ta kafin tafiya da bayan dawowa. Aikinsa ya ninka a shekarar da na kowa ya ragu. Ban ce masa komai a kan bututun ba, shi ma bai tambaye ni inda tsohon ya tafi ba. Duk safiya dai kafin ya iso nakan ɗan ƙara rairayi.

Allah ya kawo ruwa damina ta gaba, aka yi gero, daga baya aka buɗe iyaka, motoci suka sauka daga kan duwatsu. Labo ya koma cin tuwonsa a gindin dogon yaro. Kumatu suka dawo, wuya ya fara cika, benci ya fara motsi in ya zauna. Kowa na yi masa barka, ni kuwa hankalina ya tashi, don na san abin da ke tafe. Ranar da na ji wani noti ya yi kukansa na gaskiya a ƙarƙashin kukan bututu, na rasa sukuni. In na yi shiru mu koma tsinka bol a daji. In na yi magana kuma, da wane baki zan gaya wa tsohon ɗan kokawa cewa duk kirarin da aka yi masa a shekarar nan na tsatsa da rairayi ne? Na yi kwanaki ina juya maganar, na shirya ta na warware, na kasa.

Wata safiya ina hura tub a bakin duro sai na ga inuwarsa ta rufe ni. Yana riƙe da zarton yankan ƙarfe da ya aro wurin masu walda, ɗayan hannun kuma bututun nan ne. Ya duba hagu da dama ya ga ba direba kusa, ya ɗora bututun kan benci, ya auna kamar taƙi ɗaya daga ƙarshensa, ya danna babban yatsa a wurin.

Ya ce, "Isuhu, na hwara cika. Rage mishi tsawo daga nan, kahin in koma karya ma mutane mota. In na ƙara, mu ƙara ragewa. Amma bakin da ka kuka, kak ka taɓa shi."

Na karɓi zarton, shi ya riƙe mini bututun, na fara yanka daidai inda yatsansa yake.